Fansar Kamamme: Abin da Ya Sa Yahudawa Ke Bin Nasu Har Kurkuku da Bariki

A garin Surfside da ke bakin teku a jihar Florida ta Amurka akwai wata ƙungiyar agaji ta Yahudawa mai suna Aleph, wadda ta tattara aikinta a kan mutane iri biyu: waɗanda ke tsare a gidajen yari, da waɗanda ke aikin soja. Duk shekara idan Idin Ƙetarewa ya ƙarato, sai a cika kwalaye da gurasa marar yisti da ruwan inabi da littafin addu'ar daren idin, a aika da wasu kurkuku, wasu kuma sansanonin soja da jiragen ruwan yaƙi. Kayan iri ɗaya ne, inda za su sauka ne ya bambanta.

Wanda ya ji wannan a karon farko dole ya yi mamaki. Soja ana yi masa fareti, a maƙala masa lambar yabo. Fursuna kuwa, ko danginsa sai sun sassauta murya kafin su ambaci inda yake. Me zai haɗa mutanen nan biyu a kundi ɗaya?

Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu yininsa ba a hannunsa yake ba. Wani ne ke faɗa masa lokacin tashi da lokacin kwanciya, wani ke zaɓa masa abin da zai ci da abin da zai saka, har tsawon sumarsa da gemunsa akwai dokar da ta ƙayyade. Addinin Yahudanci kuwa yawancin hukunce-hukuncensa a kan waɗannan abubuwa suke zaune. Akwai abincin da ya halatta, wanda suke kira kosha. Akwai hutun Asabar, daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa shigar daren Asabar. Akwai addu'o'in da ba a yin su sai mutum goma sun hallara. Akwai bukukuwan da ke bin lissafin wata, waɗanda kalandar gwamnati ba ta san da su ba. Yahudawa kimanin biyu ne cikin ɗari na mutanen Amurka, a rundunar soja kuma ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Saboda haka Bayahuden da aka tura wani kurkuku a ƙauye, ko wani jirgi a tsakiyar teku, sau da yawa shi kaɗai ne. Addinin da aka gina a kan jama'a sai ya wayi gari a hannun mutum ɗaya, ba littafi, ba malami, ba wanda zai ce masa gobe idi.

Agajin da ake magana a kai ya samo asali daga wata tsohuwar doka da ta zo da fuska biyu. Ta wajabta ceto, ta kuma gindaya masa iyaka. Wanda ya fahimci fuskokin nan biyu zai gane abin yabawa a aikin ƙungiyoyin yau, zai kuma gane inda ake tuhumarsu.

Sadakar da take bashi

Kalmar da Yahudawa ke kiran sadaka da ita ita ce tzedaka, kuma tushenta ɗaya da sadaka ta Larabci wadda Hausa ta ara. A Ibrananci tushen kalmar yana ɗauke da ma'anar adalci, don haka malamansu suka ɗauke ta a matsayin haƙƙin da mabuƙaci ke bin mai hali. A cikin rassanta akwai wanda suka fifita, wato pidyon shevuyim, fansar kamammu.

Littafin Talmud ya kawo dalilin fifikon. Ya jera mutuwa da takobi da yunwa da kamu, ya ce na ƙarshen ya fi sauran tsanani, domin kamamme yana hannun wanda zai iya ɗanɗana masa kowanne daga cikinsu. Musa bin Maimun, babban malamin nan haifaffen Kurɗuba ta Andalus wanda ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta a kundinsa na shari'a cewa fansar kamamme tana gaba da ciyar da talaka da tufatar da shi, kuma babu umarnin da ya fi ta girma. Ya ƙara da cewa idan an tara kuɗin gina wurin ibada, har an sayo duwatsu da katako, sai buƙatar fansa ta taso, to a sayar da kayan a fanshi mutum. Bayansa da ƙarni uku da ɗoriya, Yusuf Karo ya shigar da hukuncin a kundin Shulhan Arukh, wanda aka fara bugawa a Venis a 1565, inda ya kamanta jinkirta fansa alhali da halin yi da zubar da jini.

Musulmi ba zai ji wannan a matsayin baƙon abu ba, tunda 'yantar da wuyaye na cikin wuraren da ake kai zakka, Suratul Insan kuma ta yabi masu ciyar da kamamme. Al'ummomin biyu sun zauna a gaɓar teku ɗaya, 'yan fashin teku ɗaya ne suka addabe su.

Dinari talatin da uku da sulusi

An san yadda abin ya gudana a aikace ne saboda wani ɗakin ajiya da ke majami'ar Ben Ezra a Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira. Yahudawan garin ba sa yar da takardar da ke ɗauke da sunan Allah, sai su jefa ta cikin ɗakin, har takardu suka taru na tsawon ƙarnuka. A ƙarshen ƙarni na 19 Solomon Schechter ya kwashi gutsattsari kusan 200,000 zuwa Jami'ar Cambridge. Daga cikinsu masanin tarihi S. D. Goitein ya nuna cewa a ƙarni na 11 da na 12 akwai tsayayyen farashin fansa a yankin Bahar Rum: dinari talatin da uku da sulusi kan mutum ɗaya, wato uku a dinari ɗari. A lissafinsa, dinari biyu kan riƙe ƙaramin gida tsawon wata guda. Ke nan fansar mutum ɗaya ta haura abin da iyali za su ci a shekara.

Jirgin 'yan fashi kan iso Iskandariyya da kamammu, mutanen da babu wanda ya san su a garin, wasu ma ko Larabci ba sa ji. Sai shugabannin Yahudawan garin su biya, ko su ci bashi su biya, sa'an nan su rubuta wa sauran garuruwa su kawo nasu kason. Bayan fansa akwai sutura, akwai jizya, akwai kuɗin jirgin komawa gida. A Nuwamban 1168, sa'ad da Amalric, sarkin 'yan Salibiyya na Ƙudus, ya ci garin Bilbais ya kwashi mutanensa, Musa bin Maimun na cikin waɗanda suka jagoranci tara kuɗin fanso Yahudawan da aka kama. Wasiƙun da ya aika garuruwan Masar da takardar shaidar karɓar kuɗi suna cikin abin da ɗakin ajiyar ya adana.

Al'adar ta ci gaba bayansa. A ƙarni na 17 Yahudawan Venis suna da asusu na musamman don fanso waɗanda mayaƙan Malta suka kama a teku. Bayan tarzomar 1648 a Yukren, lokacin da Tatar suka kai dubban Yahudawa kasuwannin bayi, jama'ar Santambul ce ta ɗauki nauyin fansarsu da taimakon garuruwan Turai. Abin lura a duk waɗannan shi ne wanda ake fansa ba dole ya zama dangi ko ɗan gari ba. Kasancewarsa ɗan al'umma ya isa.

Iyakar da aka gindaya

Sai dai tun wajen shekara ta 200, kundin Mishna ya zo da wani hukunci mai ɗaci: ba a fansar kamamme da abin da ya wuce kimarsa, don gyaran duniya. Talmud ya kawo dalilai biyu. Na farko, kada a talauta jama'a. Na biyu, kada masu kamu su gane cewa Bayahude haja ce mai tsada su ƙara ƙaimi. Mishna ta kuma hana a taimaki kamamme ya tsere, ɗaya daga cikin malaman ya ce dalili shi ne waɗanda aka bari a baya su za su sha ukubar.

Duk al'ummar da masu garkuwa da mutane suka addaba ta san wannan tsaka mai wuya. Majalisar Dattawan Najeriya ta taɓo shi a Afrilun 2022, lokacin da ta amince da ƙudurin da ya tanadi ɗaurin shekara 15 ga mai biyan kuɗin fansa. Uwar da ɗanta ke daji ba ta lissafin wanda za a kama gobe, mai tsara doka kuwa ba shi da ikon mantawa da shi.

Labarin da Yahudawa suka fi tunawa a kan wannan iyaka shi ne na Meir na Rothenburg, babban malamin Yahudawan Jamus a zamaninsa. A 1286 ya kama hanyar barin ƙasar saboda matsin haraji, aka kama shi a arewacin Italiya, aka miƙa shi ga Sarki Rudolf na gidan Habsburg, aka tsare shi a ganuwar Ensisheim. Ruwayar da aka gada ta ce jama'arsa sun shirya biyan maƙudan kuɗi, shi kuwa ya hana, don kada kame malamai ya zama hanyar samun kuɗin sarakuna. Ya rasu a tsare a 1293. Gawarsa ma ba a sake ta ba sai a 1307, lokacin da wani attajiri mai suna Alexander Wimpfen ya fanshe ta, ya roƙi a binne shi kusa da malamin. Kaburburan biyu suna nan gefe da gefe a maƙabartar Worms.

Darasin da ke cikin hukuncin shi ne ceton mutum ɗaya ba ya halatta idan zai jefa waɗanda ba a san sunansu ba cikin haɗari. Za a sake cin karo da wannan ma'auni a zamanin yau, cikin wata kama dabam.

Malami cikin kaki

A Amurka babu ɗan fashin teku da za a biya. Abin da ya tare hanya shi ne doka da tsarin hukuma. Da Yaƙin Basasa ya ɓarke a 1861, dokar da Majalisa ta yi ta ce limamin soja sai ya kasance naɗaɗɗen malamin wata ɗariƙar Kirista. Wata rundunar mahaya dawaki daga Pennsylvania ta zaɓi Rabbi Arnold Fischel, Ma'aikatar Yaƙi ta ƙi amincewa. Fischel ya tafi Washington ya gana da Shugaba Lincoln a Disambar shekarar. A Yulin 1862 aka gyara dokar, a Satumba kuma aka naɗa Jacob Frankel na Philadelphia limamin asibitin soja, Bayahude na farko a wannan muƙami. Ta ƙofar da aka buɗe a lokacin ne Abdul-Rasheed Muhammad ya shiga a 1993, ya zama limamin Musulunci na farko a rundunar sojan Amurka.

Aikin agaji mai tsari ya fara ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amurka ta shiga yaƙin ranar 6 ga Afrilun 1917, bayan kwana uku aka kafa Hukumar Jin Daɗin Yahudawa, wadda aka fi sani da JWB. Fiye da Yahudawa 200,000 ne suka sa kaki, yawancinsu 'ya'yan baƙin haure daga gabashin Turai. Gwamnati ba ta son ta yi ta ciniki da ɗariƙu barkatai, ta nemi murya ɗaya. Wannan ya tilasta wa masu ra'ayin riƙau da masu sassauci zama a tabarma ɗaya, har suka fitar da taƙaitaccen littafin addu'a guda wanda soja zai sa a aljihu, abin da a lokacin zaman lafiya da wuya su yarda da shi. JWB ta riƙa tantance malaman da za su shiga soja, tana aika gurasar idi, tana bin diddigin waɗanda suka mutu don a sa alamar addininsu a kabari. A 1941 ta kasance ɗaya daga cikin ƙungiyoyi shida da suka kafa USO, mai kula da walwalar sojojin Amurka na kowane addini.

A Yaƙin Duniya na Biyu kimanin Yahudawan Amurka 550,000 suka yi aikin soja, tare da malamai 311. Ɗaya daga cikinsu, Alexander Goode, yana cikin jirgin Dorchester da jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya harba kusa da Greenland ranar 3 ga Fabrairun 1943. Shi da limaman Kirista uku suka cire rigunansu na ceto suka ba sojoji, suka nutse tare da mutum sama da 600. Wani kuma, Herschel Schacter, ya shiga sansanin Buchenwald ranar 11 ga Afrilun 1945, ranar da sojojin Amurka suka isa, yana bi ɗaki ɗaki yana shaida wa waɗanda suka rage da harshen Yiddish cewa sun kuɓuta. Cikin waɗanda ya tarar akwai yaro ɗan shekara bakwai, Israel Meir Lau, wanda daga baya ya zama babban malamin Isra'ila. A wannan rana malamin da aka aiko don ya kula da sojoji ya tsinci kansa yana aikin da Musa bin Maimun ya yi a Masar.

To, mai laifi fa?

Kula da soja ba ya buƙatar dogon bayani. Fursuna ne ke da wuya. Kamammen da tsofaffin littattafai ke magana a kai mutum ne da aka zalunta. Wanda kotu ta samu da zamba ko fataucin ƙwaya ba haka yake ba, kuma malaman Yahudawa sun yi saɓani a kan ko hukuncin fansa ya shafe shi. Ga kuma kunya. Al'ummar da ta sha tsangwama takan ji tsoron a ce ga halinsu nan, don haka ta fi son kada a ambaci nata da ke kurkuku. Da yawa sun tsaya a kan kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Wanda ya sauya wannan tunani shi ne Menachem Mendel Schneerson, shugaban ɗariƙar Chabad da ke Brooklyn, wanda ya rasu a 1994. Ya yi nuni da cewa a Attaura ɗauri ba ya cikin manyan hukunce-hukunce. Akwai biyan diyya, akwai bulala, akwai gudun hijira zuwa biranen mafaka, amma ba a tsara a ajiye mutum shekara da shekaru ba ya tsinana komai ba. A fahimtarsa kowane ɗan Adam an halicce shi da aikin da zai yi a kowace rana, kuma hukuncin kotu bai soke wannan aiki ba. Tunda dokar ƙasa ta zaɓi ɗauri, abin da ya rage wa al'umma shi ne ta hana shekarun su tafi a banza. A bisa umarninsa Rabbi Sholom Lipskar ya kafa Aleph a 1981. Sunan shi ne harafin farko na Ibrananci, ɗan'uwan alif.

Aikin yau da kullum ba shi da wani armashi. Ana aika littattafai da darussa ta gidan waya. Ɗaliban makarantun addini kan yi amfani da hutunsu su bi gidajen yari a mota, jiha bayan jiha, wani lokaci su yi tafiyar sa'o'i don ganin mutum ɗaya. Lokacin sabuwar shekararsu a kai ƙahon rago da ake busawa, lokacin Hanukka a kai fitilu, a kuma yi ta rubuce-rubuce da hukumar gidan yari kafin ta yarda a kunna wuta. Zumunta a ƙafa take, kuma fursunan da ake ziyarta gandirobobi ma sun san akwai mai tambayar lafiyarsa.

Sai iyali. Ranar da aka ɗaure magidanci, matarsa da 'ya'yansa sun fara nasu zaman hukuncin ba tare da sun yi laifi ba: kuɗin haya, kuɗin makaranta, da bakin maƙwabta. Aleph tana tallafa wa irin waɗannan gidaje, tana taimaka wa yara su je sansanin hutu, tana aika musu kyautar idi. Tana kuma gabatar wa alƙalai shawarar hukuncin da ba ɗauri ba a inda doka ta ba da dama. Daga baya ta faɗaɗa zuwa sojoji, har Ma'aikatar Tsaro ta amince da ita cikin masu tantance limaman soja.

Abinci, hula da gemu

Kuɗin fansar wannan zamani sau da yawa kuɗin lauya ne. A 1986 Kotun Ƙoli ta yanke, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, cewa rundunar sojan sama tana da ikon hana Kyaftin Simcha Goldman sanya 'yar hular addininsa a bakin aiki. A shekarar da ta biyo Majalisa ta yi dokar da ta halatta wa soja suturar addini matuƙar ba ta hana aiki ba. A 2010 Rabbi Menachem Stern ya kai rundunar sojan ƙasa kotu saboda ta ce sai ya aske gemu kafin ya zama limami. Aka sasanta, ya shiga da gemunsa a ƙarshen 2011.

A ɓangaren gidajen yari, dokar da ta fi tasiri ita ce ta shekarar 2000, wadda ta ce hukuma ba za ta tauye ibadar tsararre ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma ta hanyar da ta fi sauƙin cutarwa. Jihar Florida ta soke shirinta na abincin kosha a 2007. Gwamnatin tarayya ta kai ta kotu a 2012, jihar ta kafa hujja da tsada da kuma yawan masu neman abincin alhali ba Yahudawa ba ne, kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da hujjar a 2016.

Amfanin waɗannan shari'o'i bai tsaya ga Yahudawa ba, kamar yadda su ma suka ci gajiyar gwagwarmayar wasu. Fursuna Musulmi ne, Thomas Cooper na jihar Illinois, ya sa Kotun Ƙoli a 1964 ta buɗe wa tsararru ƙofar kai ƙarar hukumomin gidan yari a kan addini. A 2015 kuma, da jihar Arkansas ta hana Abdul Maalik Muhammad barin gemu mai tsawon rabin inci, ƙungiyoyin Yahudawa na cikin waɗanda suka shigar da takardun goyon bayansa, alƙalai tara duka suka ba shi gaskiya. Bahaushe ya ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Su sai suka ga ya fi sauƙi a taru a kashe wutar.

Mai uwa a gindin murhu

Nasara mafi girma ta zo a Disambar 2018, lokacin da Shugaba Trump ya sa hannu a dokar gyaran gidajen yarin tarayya da ake kira First Step. Aleph da wata ƙungiyar Yahudawa mai suna Tzedek suna cikin waɗanda suka yi ta kai gwauro suna kai mari a kanta, tare da ƙungiyoyin Kirista da na kare haƙƙin baƙaƙen fata. Dokar ta ce a yi ƙoƙarin ajiye fursuna a cikin tazarar mil 500 daga gidansu, ta hana ɗaure mata masu ciki da sarƙa, ta ba marasa lafiya da tsofaffi damar neman saki kai tsaye daga kotu. Dubban mutane sun fita da wuri, mafi yawansu ba Yahudawa ba ne.

Amma kusancin da ya kawo wannan nasara shi ya jawo tuhuma. Jared Kushner, surukin shugaban kuma jagoran yunƙurin a fadar gwamnati, mahaifinsa ya taɓa zaman kurkuku, kuma iyalinsu sun daɗe suna ba Aleph gudummawa. A 2021 jaridar New York Times ta ruwaito cewa daga cikin afuwa da sassauci 238 da Trump ya yi a wa'adinsa na farko, 27 sun tafi ga mutanen da Aleph da Tzedek da lauyoyin da ke aiki da su suka mara wa baya. Cikinsu akwai Philip Esformes, wanda aka ɗaure shekara 20 a kan wata babbar zambar inshorar lafiya, aka sake shi a Disambar 2020. Aleph ta ce ba ta karɓar ko sisi a kan aikin neman afuwa, kuma tana duba tsananin hukunci da nadamar mai laifi ne. A daidai lokacin, dubban takardun neman afuwa suna jibge a Ma'aikatar Shari'a ba a ko buɗe su ba.

Ba laifi ba ne a nema wa mutum sassauci, kuma hukunce-hukuncen Amurka, ƙasar da ke tsare da mutum kusan miliyan biyu, sukan yi tsanani ƙwarai. Tambayar ita ce wa ake nema wa, kuma ta wace ƙofa. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Idan afuwa ta koma bin wanda ya san wani, to wanda bai san kowa ba an ƙara nesanta shi, jama'a kuma sun rage yarda da cewa shari'a ɗaya ce ga kowa. Wannan ita ce damuwar Mishna cikin sabuwar riga: abin da aka biya don ceton ɗaya, waɗanda aka bari a ciki ne ke ɗaukar nauyinsa.

Da wannan ma'auni ana iya jera ayyukan bisa daraja. Dokar da ta shafi kowa ta fi afuwar mutum ɗaya, domin fursunan da bai taɓa jin sunan Aleph ba ma an matso da shi kusa da 'ya'yansa. Shari'ar da ta kafa ƙa'ida ta fi alfarmar shugaban gidan yari, domin ƙa'ida tana nan ko bayan an sauya shugaban. Ziyarar ɗalibin da ya tuƙa mota sa'o'i don ganin tsararren da ba shi da kuɗi, ba shi da suna, ta fi kusa da abin da mutanen Iskandariyya suka yi sa'ad da suka ci bashi don baƙin da ba su taɓa gani ba.

Al'ummar da ke son sanin inda sadakarta ta tsaya, sai ta duba jerin sunayen waɗanda ta ziyarta a bana, ta ƙirga nawa ne daga cikinsu ba su da wanda zai yi musu magana. Sojan da ke tsakiyar teku yana cikin wannan ƙidaya, haka ma fursunan da danginsa suka daina ɗaukar wayarsa.